Redouté da Zanen Furen Ayiris a Faransa

Ayiris fure ne na ƙasashe masu sanyi-sanyi, mai ganyaye dogaye kamar takobi, wanda kunnuwan furensa uku suke miƙewa sama, uku kuma suke lanƙwasowa ƙasa. Matsalar da masana tsirrai na Turai suka daɗe suna fama da ita game da shi ita ce ba ya adanuwa, domin idan aka danne shi tsakanin takardu don ya bushe, kamar yadda ake yi wa sauran tsirrai, sai launinsa ya dushe, siffarsa kuma ta lalace. Saboda haka zane ya zama hujjar da ilimi ya dogara da ita.

Wanda ya fi shahara a wannan aiki shi ne Pierre-Joseph Redouté, wanda aka haifa a 1759 a garin Saint-Hubert na Beljiyam ta yau. Tsakanin 1802 da 1816 ya fitar da littafinsa Les Liliacées a birnin Paris, mujalladi takwas masu ɗauke da zane 486, ciki har da ayiris iri-iri, da tallafin Joséphine, matar Napoleon, wadda a lokacin lambunta na Malmaison yake cike da baƙin tsirrai. Da fentin ruwa yake aiki, wato launin da ake narkarwa da ruwa a shafa shi siriri, bisa fatar maraƙi wadda aka kankare ta yi sumul. Yakan ɗora launi kan launi a hankali, har hasken fatar ya riƙa ratsowa ta cikin shuɗin furen, jijiyoyinsa da ɗan gashin da ke bakinsa su fito sarai; a zanuka da dama kuma yakan nuna saiwar, tun da masani yana buƙatar ganinta.

Wajen bugawa, an sassaƙa kowane zane a farantin jan ƙarfe da ɗige-ɗige ƙanana maimakon layuka, aka buga da launi, sannan aka ƙarasa da hannu.

Ainihin zanukan da Joséphine ta mallaka sun zauna tare fiye da shekara ɗari da sittin, sai a 1985 aka yi gwanjonsu a New York kan dala miliyan 5.5, aka rarraba su ga masu saye daban-daban. Wannan babbar asara ce ga masu nazarin tarihin tsirrai, domin sake haɗa su wuri guda yanzu da kamar wuya.