Ben Feringa: daga gonar Drenthe zuwa injin da ido ba ya gani

Ranar 5 ga Oktoban 2016 aka sanar da cewa mutum uku ne suka ci kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai: Jean-Pierre Sauvage na Faransa, da Fraser Stoddart ɗan Sikotilan, da Ben Feringa na Holan. Jaridu suka yi ca a kan abu guda, wai Feringa ya ƙera mota mai ƙafa huɗu da molekul ɗaya tak. Gaskiya ne ya ƙera. Amma wanda ya tsaya a kan motar bai san mutumin ba. Tambaya ɗaya ce ta riƙe shi tun yana ɗalibi, ita ce ta hagu da dama, kuma ita ta haifi motar.

An haife shi ranar 18 ga Mayun 1951 a ƙauyen Barger-Compascuum da ke lardin Drenthe, dab da iyakar Jamus, shi ne na biyu cikin 'ya'ya goma na wani manomi. Ya shiga Jami'ar Groningen, ya kammala digirin digirgir a 1978 a hannun Farfesa Hans Wynberg. Daga nan kamfanin mai na Shell ya ɗauke shi, ya yi aiki a ɗakin bincikensu na Amsterdam da na Sittingbourne a Ingila. A 1984 ya koma Groningen yana koyarwa, a 1988 ya gaji kujerar malaminsa, kuma a can ya ci gaba da zama har Nobel ta same shi.

To mece ce tambayar hagu da dama? Akwai molekul da yawa da ke zuwa iri biyu. Atam-atam ɗinsu ɗaya, ƙullinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, amma ɗaya hoton madubin ɗayan ne, yadda tafin hannun dama yake ga na hagu. Jikin ɗan Adam yana bambance su sarai, domin sunadaran da ke cikinsa su ma na ɓangare ɗaya ne. Maganin L-DOPA da ake ba masu cutar karkarwa ta Parkinson misali ne: ɓangare guda ne ke aiki, ɗayan ba a son sa a cikin maganin. Matsalar ita ce idan masani ya haɗa irin wannan sinadari a kwalba ba tare da wata dabara ba, rabi hagu yake samu, rabi dama. Sai ya raba su da wahala, ya zubar da rabin jarinsa.

A nan katalis ke shigowa. Katalis dillali ne: yana haɗa sinadarai biyu da ba za su haɗu da wuri ba, a gama ciniki, ya fita yadda ya shiga, ya nemi wasu biyun. Ɗan kaɗan daga cikinsa sai ya juya buhu-buhu na kaya. Idan kuwa aka yi katalis ɗin shi kansa bahago ko na dama, yana iya sa kusan duk abin da ya fito ya zama ɓangare guda. Yawanci atam ne na ƙarfe, kamar rodiyom ko jan ƙarfe, da aka lulluɓe da wani molekul mai riƙe shi, wanda masana ke kira ligan. William Knowles ya yi wannan a kamfanin Monsanto don L-DOPA, kuma shi da Ryoji Noyori da Barry Sharpless suka ci Nobel ta 2001 a kan fannin.

Tun bayan aikin Henri Kagan na 1971, kusan kowa ya yarda cewa ligan mai kyau sai ya kama ƙarfen a wuri biyu, don kada ya yi ta lilo. Shekara kusan talatin ana ƙera ligan masu kamu biyu, masu tsada, masu cin lokaci. Feringa da ɗalibansa suka fito da wani dangi da ake kira fosforamidait, masu kamu ɗaya, masu sauƙin haɗawa. Da farko, a tsakiyar shekarun 1990, sun yi amfani da su tare da jan ƙarfe wajen ƙulla kabon da kabon. A 2000 kuma, tare da Adri Minnaard da Hans de Vries na kamfanin DSM, suka nuna cewa ɗaya daga cikinsu, MonoPhos, yana ƙara haidirojin a kan molekul da zaɓin ɓangare daidai da na masu tsadar. A shekarar ce ƙungiyar Manfred Reetz a Jamus da ta Paul Pringle a Ingila suka ba da irin wannan sakamako da nasu ligan ɗin, saboda haka ba shi kaɗai ya rushe tsohuwar fahimtar ba. Saboda sauƙin haɗa su, DSM ya riƙa sa na'ura ta ƙera gommai a yini guda, a gwada, a zaɓi wanda ya dace da maganin da ake so. A ganina wannan ne aikinsa da ya fi shiga masana'anta, kuma shi ne wanda ba a cika ambato ba.

Ƙashin bayan MonoPhos wani molekul ne mai suna BINOL, kuma haɗa irinsa na daga cikin abin da Feringa ya yi fama da shi a digirinsa. A lokacin ne kuma, a 1977, shi da Wynberg suka wallafa aiki a kan wasu molekul masu ƙulli biyu tsakanin kabon da kabon, waɗanda ɓangarorinsu suka cunkushe har suka murɗe, wasu ta hagu wasu ta dama. Babu wanda ya ga inji a cikinsu a wancan zamani. Ya ajiye su ya tafi Shell.

Kafin ya dawo kansu, wani sabon fanni ya bunƙasa, wanda Jean-Marie Lehn ya raɗa wa suna kimiyyar sufiramolekula. Maimakon ƙullin da ke riƙe atam a cikin molekul, ana nazarin yadda molekul da molekul ke gane juna, su rungumi juna, su jeru da kansu ta hanyar riƙo mai rauni da ke iya sakewa. Lehn da Donald Cram da Charles Pedersen suka ci Nobel ta 1987 a kansa. Sauvage ɗalibin Lehn ne, kuma a 1983 ya sarƙa zobe cikin zobe. A 1991 Stoddart ya zura zobe a sanda yana kai da komowa. A shekarar ce Feringa ya mai da murɗaɗɗun molekul ɗinsa makunni: ka haska masa haske iri ɗaya ya murɗe hagu, ka haska wani iri ya koma dama.

Daga makunni zuwa inji akwai tazara. Molekul kullum cikin rawa yake, yana juyawa gaba da baya babu tsari, kuma abin da ya je ya dawo bai yi aiki ba. A 1999, a mujallar Nature, Feringa da Nagatoshi Koumura, da haɗin gwiwar ƙungiyar Nobuyuki Harada ta Jami'ar Tohoku a Japan, suka nuna molekul da ke zagayawa ta gefe guda kawai. Taku huɗu ne. Hasken ultrabayolet ya buɗe ƙullin tsakiya, rabin molekul ɗin ya juya ya tsaya a matse. Zafi ya sa ya zame ya wuce ɗayan rabin ya sami sarari, kuma daga nan komawa baya ta yi wuya. Haske kuma, zafi kuma, zagaye ya cika. Me ya hana shi juyawa ta ɗaya gefen? Wani ɗan reshen metil da ke zaune a kowane rabi, a matsayin hagu ko na dama. Ka sauya ɓangarensa, injin ya sauya alƙibla. Na farkon sanyin jiki gare shi, taku ɗaya sai an dumama shi zuwa digiri 60. Zuwa 2014 an kai ga wanda ke zagaye miliyan 12 a daƙiƙa.

A 2006 suka zuba injinan a cikin ruwan kiristal, dangin wanda ke fuskar waya. Juyawarsu ta sauya jeren molekul ɗin ruwan gaba ɗaya, har wani ɗan sandan gilashi mai tsawon maikiromita 28 da aka ɗora a kai ya riƙa juyawa, alhali ya ninka injin sau dubu goma. Motar da aka yi ta yayatawa ta zo a 2011: injina huɗu a jikin gangar molekul ɗaya, a kan jan ƙarfe mai tsananin sanyi a cibiyar Empa ta Suwizalan, ana tunzura ta da lantarki daga bakin allurar madubin bincike. Tunzuri goma, tafiyar nanomita shida. Ko a nan sai da hagu da dama suka yi hukunci, domin wadda ƙafafunta suka dace da juna ce kaɗai ta miƙe, sauran sai dawurwura.

Ni aikin da ya fi burge ni a shekarar 2011 ɗin wani ne, wanda ya yi da Jiaobing Wang a mujallar Science. Sun ɗaura sassan katalis biyu a kan rabi-rabin injin. A matsayi ɗaya sassan sun yi nesa da juna, aikin ya tafi a hankali, aka sami hagu da dama cakuɗe. Aka haska haske, sassan suka matso, ɓangare guda ya rinjaya. Aka dumama, ɗaya ɓangaren ya rinjaya. Katalis guda, sakamako uku.

Da aka tambaye shi amfanin injinan a ranar Nobel, ya kwatanta kansa da 'yan'uwan nan Wright, waɗanda aka riƙa tambaya me za a yi da jirgin sama. Ba na ƙin amsar, amma alkawari ce. Wanda ya fi kusa da asibiti shi ne aikin da ƙungiyarsa ta wallafa a 2013, inda suka maƙala makunnin haske a jikin maganin kashe ƙwayoyin cuta na dangin kwinolon. Haske ke kunna shi, bayan 'yan sa'o'i ya mutu da kansa, don kada ya fita daga jiki da ƙarfinsa ya shiga ruwa ya koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. A kan ƙwayoyin cuta da ke cikin faranti aka gwada shi a wancan aikin, ba a jikin majiyyaci ba.