Tarihin Injin Wanki da Hanyar da Ruwa Ke Shiga Cikinsa

Injin wanki na gida ya shafe fiye da shekara ɗari ana cika shi da bokiti kafin a ƙera wanda ke jawo wa kansa ruwa daga famfo. Tarihinsa a haɗe yake da tarihin shigar ruwan famfo cikin gidaje, kuma jinkirin shigar ruwa, wanda masu injin ke yawan kuka da shi a yau, daga wannan haɗi ya samo asali.

A 1767 wani masani Bajamushe, Jacob Christian Schäffer, ya wallafa zanen injin wanki na katako. A 1797 Nathaniel Briggs ya yi rajistar nasa a Amurka, James King ya biyo baya a 1851 da mai ganga, sai Hamilton Smith a 1858 da mai juyawa. Dukansu da hannu ake murza su. Sun rage wahalar cuɗa tufafi, amma ɗiban ruwa na nan yadda yake: a ɗebo daga rijiya, a ɗora a murhu ya yi zafi, a juye, in an gama a cire toshiya a zubar, a sake ɗebo na ɗauraya.

Zuwan lantarki ma bai taɓa wannan ɓangare ba. Wajen 1908 kamfanin Hurley na birnin Chicago ya fitar da injin Thor mai aiki da lantarki, a 1915 kuma Maytag ya fitar da mai amfani da fetur domin manoman da wuta ba ta kai ƙauyukansu ba. Duk da haka sai uwargida ta tsaya a kan injin da bokiti ko tiyo, ta rufe famfo da hannunta idan ya cika.

Babban sauyi ya zo a 1937, lokacin da kamfanin Bendix na Amurka ya fito da injin gida na farko da ke cika kansa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse, ba tare da an tsaya masa ba. Tsananin girgizarsa ya sa dole a ɗaure shi da ƙusoshi a daɓen ɗaki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu irinsa ya bazu, har General Electric ya fitar da mai murfi a sama a 1947.

Abin da ke shigar da ruwa a irin wannan inji wani ɗan bawul ne da ke bayansa, inda ake ɗaura tiyo. A cikinsa akwai naɗin waya da ke zama maganaɗisu idan wuta ta bi ta cikinsa, sai ya ja ɗan ƙarfen da ke toshe wani ƙaramin rami. Ƙarfin ruwan da kansa ne ke ɗaga faifan roba ya buɗe babbar hanya. Ke nan idan ruwa ba ya zuwa da ƙarfi, bawul ba zai buɗe sosai ba ko da lafiyarsa ƙalau. A bakinsa kuma an sa 'yar rariya mai ƙananan idanu don tare yashi da tsatsa. An ƙera wannan tsari ne domin biranen da ruwan famfo ke zuwa da ƙarfi dare da rana.

Inda gidaje ba su da bututun da aka ja wa inji, wani samfuri ne ya samu karɓuwa. A Birtaniya ta shekarun 1950 da 1960, da kuma Japan, inji mai baho biyu ya yi tashe, baho ɗaya na wanki, ɗaya na matsa. Ba ya buƙatar bawul, da tiyo ko bokiti ake cika shi, ga shi da araha.

Wannan ya bayyana dalilin da mai baho biyu ya dace da gidaje da dama a Arewacin Nijeriya da Nijar. Kano ta samu ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, amma bunƙasar birnin ta wuce ƙarfin bututunsa. Unguwanni da dama sun dogara da rijiyar burtsatse, da tankin da aka ɗora a kan ƙarfe, da 'yan garuwa. Ƙarfin ruwan tanki kuwa daga tsayinsa yake zuwa: tsayin mita 10 ke ba da kusan bar 1 a ma'aunin matsin ruwa, alhali injuna da yawa na neman aƙalla rabin bar zuwa bar 1. Tankin da ya ɗara inji da mita 3 kacal bai kai ko rabin bar ba.

Idan ruwa na jinkirin shiga inji mai cika kansa, masu gyara sun saba bin matsalar daga waje zuwa ciki. Da fari a tabbatar famfo a buɗe yake har ƙarshe, tiyo kuma bai lanƙwashe a jikin bango ba. Sai a cire wuta, a rufe famfo, a kwance tiyo, a sa bakinsa a bokiti a sake buɗe ruwa. Idan ya zubo da ƙarfi, laifin na rariya ne ko na bawul. Ana zaro rariyar a hankali da filaya, sau da yawa a same ta cunkushe da jan yashin burtsatse. Tsohon buroshin haƙori ya isa ya wanke ta, ruwan kal kuma na narkar da farin gishirin da ya daskare a jikinta. Ba a mayar da tiyo babu rariya, domin ƙwayar yashi ɗaya na iya hana bawul rufewa ruwa ya malale ɗaki. Sababbin injuna na sanar da matsalar da kansu: na LG kan nuna IE, na Samsung 4E ko 4C.

Idan kuwa ruwan tsiyaya yake yi tun daga bokiti, canza bawul asarar kuɗi ce. Maganin shi ne a ɗaga tanki, ko a faɗaɗa bututu, ko a sa ƙaramin injin tura ruwa. Gidan da ba zai iya ɗaya daga cikin ukun nan ba, mai baho biyu ya fi dacewa da shi.