'Yargoje, Inna da Maganar Malam Goldberg

A ƙasar Amurka an yi wani malami ana ce da shi Steven Goldberg. An haife shi a birnin New York cikin 1941, ya rasu cikin 2022. Aikinsa shi ne binciken zaman jama'a, watau yadda mutane ke shirya mulkinsu da aurensu da sana'o'insu. Ya fara koyarwa a wata babbar makaranta ta birnin, City College, cikin 1970, daga baya ya zama shugaban sashen wannan ilmi.

Cikin 1973 ya fitar da wani littafi wanda ya ta da ƙura ƙwarai. Ya ce ko'ina aka duba a duniya, da can da yanzu, maza ne ke riƙe da yawancin manyan muƙamai. Dalilin haka, in ji shi, yana cikin halitta. Akwai wani sinadari cikin jini, sunansa testosteron, wanda ya fi yawa a jikin namiji, shi ne ke sa namiji ya fi mace nacin neman girma. Saboda haka ya ce mulkin maza abu ne da ba makawa. Cikin 1993 ya sāke fitar da littafin, ya ƙara da amsoshin da ya ba masu sukarsa.

Cikin masu sukar nan har da wata malama ta makarantarsu, Eleanor Leacock. Ita ta zauna da mutanen Innu na arewacin Kanada. Ta nuna cewa a dā matansu suna da ta cewa cikin al'amuran jama'a, sai da cinikin fatu da 'yan mishan suka shigo, sa'an nan ikonsu ya ragu.

To, ba sai an tafi Kanada ba kafin a auna maganar nan. Tarihin ƙasar da Zurmi da Ƙauran Namoda da Shinkafi suke cikinta ya isa ma'auni.

Zamfarawa sun ce garin sarautarsu na fari shi ne Dutsi, a ƙasar Zurmi. Cikin jerin sarakunansu na dā kuwa akwai mace, sunanta 'Yargoje. Masu tarihi suna sa zamaninta cikin ƙarni na 14, an ce ta shekara 40 bisa gado.

Bayan zamani mai tsawo, wajen 1760, Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka zauna Alƙalawa, arewa da Shinkafi. A fadarsu akwai sarautar mace, ita ce Inna. Daga gidan sarauta ake naɗa ta. Ita ce shugabar mata da 'yan bori, tana da fadawanta, in kuwa Sarki ya fita yaƙi ita ke tsaron gari.

Cikin 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, aka kashe Sarki Yunfa. Cikin jarumawan akwai Namoda, na Fulani Alibawan Zurmi, wanda garin Ƙaura ke amsa sunansa. Da Alƙalawa ta faɗi, sarautar Inna ta bi Gobirawan da suka ƙi mubaya'a, ta sami mazauni a Tsibiri, kusa da Maraɗi. Amma mata ba su rasa jagora ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu cikin 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru. Ta naɗa dattijan mata, ana ce da kowace Jaji, ta ba su malfa, suna kawo matan ƙauyuka wurinta su ɗauki karatu, su koma su koyar da 'yan'uwansu.

Cikin 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Mulkin En'e da suka shirya na maza ne, tun daga Sarki har mai unguwa. Da aka yi babban zaɓe na 1959, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa ba a yarda musu ba. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri wajen neman haƙƙin nan. Sai cikin 1976 aka ba matan Arewa ƙuri'a.

Da an karanta wa Goldberg wannan tarihi, da ya ce bai rushe maganarsa ba, domin ko a zamanin 'Yargoje yawancin masu sarauta maza ne. Wannan kuwa gaskiya ne, adalci ne a faɗe ta. Amma akwai abin da littafinsa bai warware ba. Jinin Bazamfare na zamanin 'Yargoje da na jikansa na 1959 duk iri ɗaya ne. Duk da haka a wani zamani mace ta hau gado, a wani ta tsare birni, a wani ta karantar, a wani kuma ko ƙuri'a ba ta da ita. Abin da bai sāke ba, ba shi zai zama sanadin sākewar nan ba. Yaƙi da addini da doka da al'ada su ne suka buɗe ƙofa, su ne kuma suka rufe ta, waɗannan kuwa duk a hannun mutane suke.

Saboda haka magidancin da ke shawarar ko 'yarsa za ta shiga makaranta, bai kamata ya ɗora wa halitta hukuncin ba. Matan da suka tako da ƙafa daga ƙauyuka zuwa wurin Nana Asma'u, da yardar mazansu da iyayensu suka tafi.