Kambin Sarauniyoyi da Ƙofar da Aka Rufe

Kusan kowace shekara, dubban mata sukan hallara a wani babban birni, galibi a ƙasar Amurka, domin gasar waƙa wadda babu ganga, babu garaya, babu kowane irin kayan kiɗa a cikinta. Mata huɗu ne suke hawa dandamali cikin tufafi iri ɗaya. Ɗaya ta hura ɗan ƙaramin usur don a daidaita murya, sannan su soma rerawa. Waɗanda suka zo na ɗaya ana aza musu kambi a ka, ana kiran su sarauniyoyin jituwar murya. Sunan wannan salo barbershop, wato waƙar shagon aski. Mai karatu zai yi tambaya: me ya haɗa mata da shagon askin maza? Amsar tana cikin tarihi, kuma tarihin yana da ɗaci.

Mu fara da yadda waƙar take. A wurinmu mun saba da jagora ya ba da waƙa, ƴan amshi su karɓa. A nan kuwa muryoyi huɗu ne suke tafiya tare a kan kalmomi guda, amma kowace da matakinta. Jagora ce ke riƙe da karin waƙar. Mai siririyar murya tana bisanta, mai kakkaurar murya tana can ƙasa kamar harsashin gini, ta huɗu kuma tana cike giɓin da ya rage. Idan muryoyin suka daidaita sarai, kunne yakan jiyo wani amo a sama kamar murya ta biyar, alhali babu wadda ta rera shi. Wannan amo shi ne abin da mawaƙan suke nema, kuma yana cikin abin da alƙalan gasa suke saurare, tare da tsarin waƙar, da yadda aka isar da ma'anarta, da yadda mawaƙan suka tsaya gaban jama'a. Bayan an tashi, mahalarta sukan tsaya huɗu-huɗu a farfajiyar masauki har tsakar dare suna rera ƙarshen waƙoƙi, ko da ba su taɓa sanin juna ba.

Shekaru masu yawa an ɗauka cewa salon na Turawa ne, an ce daga shagunan askin Ingila ya taso. A shekarar 1992 wani mai bincike, Lynn Abbott, ya wallafa nazarin da ya rushe wannan zato. Ya tono tsofaffin jaridu da shaidar mawaƙa, ya nuna cewa a ƙarshen ƙarni na 19 baƙaƙen fatar Amurka ne suka raya salon. Dokokin wariya sun hana su shiga manyan gidajen wasa da wuraren shaƙatawa, sai shagon aski ya zama majalisarsu, inda ake hira ana gwada muryoyi. Marubuci James Weldon Johnson ya ba da labari a 1925 cewa a lokacin ƙuruciyarsa a garin Jacksonville kusan kowane shagon aski yana da mawaƙansa huɗu. Louis Armstrong ma, kafin ya shahara da busa, ya yi irin wannan waƙa a titunan New Orleans yana yaro. Da masana'antar faifai ta bunƙasa, sai fararen mawaƙa suka fi samun shiga, sannu a hankali aka manta da masu abin.

Ran 11 ga Afrilu 1938, wani lauya mai suna Owen C. Cash da abokinsa Rupert Hall suka tara maza 26 a birnin Tulsa na jihar Oklahoma, suka kafa ƙungiyar farfaɗo da salon, wadda a yau ake kira Barbershop Harmony Society. Ƙofarta a rufe take ga mata, a rufe kuma ga baƙar fata. A 1941 wasu baƙaƙen fata huɗu, masu ɗaukar kaya a babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin Niyok, da ake kira Grand Central Red Caps, suka ci gasar birnin. Ƙungiyar ta hana su zuwa gasar ƙasa saboda launin fatarsu. Tsohon gwamnan jihar, Al Smith, ya fice daga ƙungiyar don nuna fushinsa.

Su kuwa matan da aka bari a gida ba su zauna ba. Ran 13 ga Yuli 1945, Edna Mae Anderson ta tara wasu mata a gidanta, a Tulsa ɗin dai, da yawansu matan ƴan waccan ƙungiya ne. Daga nan aka haifi Sweet Adelines, wadda ta ɗauko sunanta daga wata tsohuwar waƙa ta 1903. A 1947 suka yi babban taronsu na farko, inda mata huɗu daga garin Decatur na jihar Illinois suka ci gasar. Har yau muryoyin huɗu suna ɗauke da sunayen da maza suka ba su, ko da yake mata ne ke rerawa.

A nan ne tarihin ya juya. Mutum zai zaci wanda ya ɗanɗana zafin kora ba zai kori wani ba. Amma a taron 1957 a birnin Miami, shugabannin Sweet Adelines suka sanar da doka cewa farar mace kaɗai ce za ta zama ƴar ƙungiya. A shekarar ce kuma sai da sojojin tarayya suka raka ɗalibai baƙaƙen fata tara zuwa makarantar sakandare a Little Rock. Wasu rassa na jihohin Rhode Island da Massachusetts, da wani na lardin Ontario a Kanada, suka ƙi amincewa. Suka fice, suka bar gasar da suka saba da kambin da suke fata, suka kafa Harmony, Incorporated a 1959, ƙofarta a buɗe ga kowace mace. A 1963 aka yi wa reshen Ottawa barazanar kora don ya karɓi wata baƙar fata, Lana Clowes. Matan reshen suka zaɓi ƴar'uwarsu, suka koma sabuwar ƙungiyar.

Gyara ya zo, amma da nawa. Ƙungiyar maza ta soke sharaɗin launin fata a 1963, Sweet Adelines ta bi sahu a 1966. Salon ya ƙetare teku: a 1989 mata huɗu daga Suwidin, Growing Girls, suka ɗauki kambin. A 2017 ƙungiyar maza ta karrama Red Caps, shekara 76 bayan hanin, lokacin da babu ko ɗaya cikinsu a raye. A 2018 ta buɗe ƙofarta ga mata. Ƙungiyoyin matan biyu kuwa har yau kowace tana taronta daban, tana naɗa sarauniyoyinta daban.

Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu suna da abin lura a nan. Al'ada ba ta tafiya da takardar shaidar asalinta. Wanda ya kafa ƙungiya, ya rubuta dokoki, ya shirya gasa, ya ajiye takardu, shi ne yakan faɗi wane ne mai abin, kuma jama'a su yarda. Baƙaƙen fatar da suka ƙago salon ba su da ofis ko magatakarda, shi ya sa aka yi shekaru sama da hamsin ana ba da tarihinsu ba tare da su ba, har sai da mutum ɗaya ya zauna ya karanta jaridun da suka yi ƙura. Duk mai shirya gasar gargajiya ya kamata ya tambayi kansa: wa ya fara wannan abu, kuma wa dokokina suka bari a waje? Matan Ottawa sun ba da tasu amsar a 1963, sun kuwa biya kuɗinta da ficewa daga ƙungiyar da suka girma a ciki.