Wasa Farin Girki: Tarihin Gasar Gran Turismo

Tun cikin shekarar 1894 Turawa suka fara tseren motoci, sa'ad da aka tashi daga birnin Faris zuwa Rouen a ƙasar Faransa. Tun daga lokacin nan wannan sana'a ba ta taɓa zama ta talaka ba. Yaron da ake so ya zama direban tsere, tun yana ƙarami ake saya masa 'yar mota mara rufi, a riƙa kai shi fili, ana biyan makaniki, ana sake taya, shekara da shekaru. In ubansa ba mai hali ba ne, bai kuwa sami attajirin da zai ɗauki nauyinsa ba, to, kome basirarsa sai dai ya tsaya bayan shinge ya yi kallo. Wannan ƙofa da kuɗi suka rufe ita ce wani wasan kwamfuta ya yi ƙoƙarin buɗewa. Ga yadda abin ya faru.

A ƙasar Japan akwai wani mutum mai suna Kazunori Yamauchi, mai son motoci ƙwarai. Shi da abokan aikinsa suka shekara biyar suna shirya wani wasa, suka sa masa suna Gran Turismo. Cikin watan Disamba na 1997 kamfanin Sony ya fitar da shi domin na'urarsa ta PlayStation, wadda ake haɗawa da akwatin talabijin. Abin da ya ɗaukaka wasan nan shi ne, an auna nauyin kowace mota da ƙarfin injinta da yadda tayarta ke kama hanya, aka zuba lissafin cikin na'ura. Watau in mutum ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, sai motar ta ƙwace masa, kamar dai yadda ta gaske za ta yi. Aka sayar da fiye da miliyan 10 na fitowar farko. Masu sha'awa suka shiga sayen sitiyari da totur da birki na wasa, suna kafawa cikin ɗakunansu.

Sai gardama ta tashi. Waɗansu suka ce wanda ya gwanance a gaban talabijin zai iya tuƙa motar tsere, tsofaffin direbobi kuwa suka ce wasan yara ne kawai. Da ya ke sai an gwada akan san na ƙwarai, wani ma'aikacin kamfanin motoci na Nissan, Darren Cox, ya kawo shawara a gwada. Cikin 2008 Nissan da Sony suka kafa gasa mai suna GT Academy. Kowa na iya shiga daga gidansa ta intanet, ana rubuta lokacin da ya ɗauka kafin ya kewaye fili. Sa'an nan a tara waɗanda suka fi sauri a kowace ƙasa su kara, a kwashi zakarunsu zuwa filin Silverstone a Ingila. Can ake sa su cikin motocin gaske, a gwada ƙarfin jikinsu da natsuwarsu, ana tankaɗe da rairaya har a fitar da gwani. Shi sai a yi watanni ana horar da shi, ya sami lasin na tsere.

Wanda ya fara cin wannan gasa wani ɗalibi ne mutumin Sifen, Lucas Ordóñez. A watan Janairu na 2009 aka sa shi tseren awa 24 na Dubai. Cikin 2011 kuma ya shiga tseren Le Mans na Faransa, wanda ake kwana ana yini ana yi tun 1923, shi da abokan tuƙinsa suka zo na biyu a ajinsu. A wannan shekara ce wani saurayi ɗan shekara 19 daga Cardiff, Jann Mardenborough, ya tsere wa mutum wajen dubu 90. Cikin 2013 shi da Ordóñez da wani Bajamushe, Michael Krumm, suka zo na uku a ajinsu a Le Mans. A watan Fabrairu na 2015 kuwa motar Nissan ta ci tseren awa 12 na Bathurst a Ostireliya, biyu daga cikin direbobinta uku, Wolfgang Reip da Florian Strauss, 'yan GT Academy ne. Gani ya kori ji.

Dalilin wannan nasara ba boyayye ba ne. Rabin gwanintar tsere a ido ta ke da ƙwaƙwalwa: sanin inda za a taka birki, da inda za a karya kwana, da lokacin da za a koma kan totur. Duk wannan wasa yana koyarwa, yaro kuma yana iya kewaye fili sau dubu ba tare da ya sayi man fetur ko kwalba guda ba. Amma akwai abin da na'ura ba ta koyarwa, watau zafin cikin mota, da nauyin da ke murɗe wuyan direba a kwana, da sanin cewa kuskure ɗaya na iya cin rai. Mai wasa in ya yi karo sai ya danna maɓalli ya sake farawa.

Ran 28 ga watan Maris na 2015 aka ga iyakar kamancin. Mardenborough yana tsere a filin Nürburgring na Jamus, mai tsawon mil 13, da ya hau wani tudu da ake kira Flugplatz sai iska ta shiga ƙarƙashin motarsa ta ɗaga ta sama, ta tsallake shinge ta faɗa inda 'yan kallo su ke. Mutum ɗaya ya rasu, waɗansu suka ji rauni, shi kuwa ya tsira. Aka ƙayyade gudu a wurin, daga baya aka gyara hanyar. Mardenborough ya ci gaba da sana'arsa, har ya yi shekaru yana tsere a Japan.

An yi GT Academy na ƙarshe cikin 2016. Bayan shekara biyu gasar ta sake kama. Hukumar FIA, wadda ke kula da tseren motoci a duniya, ta sa hannu aka kafa gasar duniya cikin wasan Gran Turismo Sport. Dā wasan tsani ne na hawa zuwa motar gaske, yanzu kuwa ya zama fage mai zaman kansa. Aka raba gasar biyu, ɗaya ta ƙasashe, ɗaya ta kamfanonin motoci. A watan Nuwamba na 2018 aka yi karon ƙarshe a Monako, Igor Fraga na Burazil ya ɗauki kofin ƙasashe, Lexus ya ɗauki na kamfanoni. Mikail Hizal na Jamus ya ci a 2019. Cikin 2020, da annobar korona ta hana taro, kowa ya yi tsere daga gidansa, Takuma Miyazono na Japan ya yi nasara. Valerio Gallo na Italiya ya biyo baya a 2021, shekarar da hukumar wasannin Olamfik ta fara shirya gasar kwamfuta, ta sa Gran Turismo a ciki, shi ne kuma ya ci. Daga 2022 aka koma kiran gasar Gran Turismo World Series, Coque López na Sifen ya zama zakara.

Hanyar da ke tsakanin talabijin da fili ba ta toshe ba, gama Fraga, wanda tun yana yaro ya ke haɗa wasa da tuƙin gaske, ya ci gasar Toyota ta motocin gaske a New Zealand cikin 2020. A 2023 kuma aka yi fim kan labarin Mardenborough.

To, in aka duba tarihin nan za a ga gardamar ta mutu, amma kowane ɓangare yana da tasa gaskiya. Lalle wasa ya nuna akwai masu basira birjik waɗanda rashin kuɗi ya ɓoye. Duk da haka cikin dubban da suka gwada, 'yan kaɗan ne suka zauna bayan sitiyarin gaske, su ma sai da wani kamfani ya biya musu. Na'ura ta iya tono gwani daga ɗakin uwarsa, amma mota da mai da taya har yanzu sai da kuɗi.