Yadda gubar asenik ke ratsa hanjin ɗan Adam

Asenik sinadari ne mai guba da ake samu a duwatsun ƙarƙashin ƙasa, kuma idan ya narke a ruwa ba ya sauya masa launi ko ɗanɗano.

A ƙasar Bangaladash ne aka fi ganin illarsa. Tun daga shekarun 1970 aka haƙa miliyoyin rijiyoyin burtsatse domin raba jama'a da ruwan tafki mai haddasa kwalara. Sai a shekarar 1993 aka tabbatar cewa akwai gubar a ruwan wasu rijiyoyin.

Wani rahoto da mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a shekara ta 2000 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 35 zuwa 77 ne ke cikin haɗari.

To sai dai a kan samu mutum biyu masu shan rijiya ɗaya, ɗaya ya kamu da tabon fata ko sankara, ɗayan kuwa lafiya lau. Gado da abinci na da tasiri a nan, amma hankalin masana ya karkata ga hanji.

Gubar kan shiga ciki ne a siga biyu. Ta farko, wato asenet, ta yi kama da fosfet ɗin da jiki ke buƙata, don haka ƙwayoyin halittar bangon hanji ke buɗe mata ƙofa bisa kuskure. Ta biyu, asenayit, wadda ta fi dafi, tana bin kafofin da ruwa ke bi.

Ƙwayoyin bakteriyar da ke zaune a hanji su ma suna shan gubar. Wasunsu kan juya asenet ta koma asenayit su fesar da ita, wasu kuma su riƙe ta har a fitar da su a bayan gida. Ke nan takara ake yi tsakaninsu da bangon hanji, kuma sigar gubar na sauyawa daga sa'a zuwa sa'a.

Saboda haka ne masu bincike ke raino ƙwayoyin hanji da ake kira Caco-2 tare da bakteriya a ɗakin gwaji, suna auna gubar lokaci-lokaci. Alƙaluman ne ake ɗora wa kwamfuta, ta lissafa yawan abin da zai kai ga jini.

A shekarar 2018, masana a jami'ar jihar Montana ta Amurka sun nuna cewa ɓerayen da aka kashe wa bakteriyar hanji da magani sun fi tara gubar a sassan jikinsu.

Amma da sauran rina a kaba, domin an samo Caco-2 ne daga sankarar babban hanji, ba daga lafiyayyen hanji ba, kuma hantar ɓera ta fi ta mutum saurin sarrafa asenik.