Daga hankicin Sarauniya Biktoriya zuwa makin Apgar

1/ Ranar da yayata ta haihu, ina zaune a barandar asibiti na ji wata dattijuwa tana cewa, "Mu a zamaninmu ko tari ba a jin mai naƙuda ta yi." Maganar ta tsaya min a rai, har ta sa na bi tarihin maganin kashe zafin haihuwa. Zare ne, ku biyo ni.

2/ A Nuwamban 1847, a birnin Edinbara na Sikotlan, likita James Young Simpson ya fara shaƙa wa masu naƙuda kulorofom. Likitoci da yawa suka yi ca a kansa. Wasu na tsoron maganin zai yi kisa, wasu kuma sun ce zafin kansa yana taimakon haihuwa.

3/ A Afrilun 1853 likita John Snow ya ɗiga kulorofom a hankici ya shaƙa wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila, ta haifi ɗanta na takwas, Leopold. Ta sake amfani da shi a 1857. Tunda sarauniya ta yi, surutu ya fara lafawa.

4/ Farkon ƙarni na 20, a Furaibog ta Jamus, likitoci Krönig da Gauss suka haɗa mofin da sikofolamin. Na farkon yana rage zafi, na biyun yana goge tunani. Mace ta farka ga jariri, ba ta tuna komai.

5/ A 1914 matan Amurka suka kafa ƙungiya suna neman wannan haɗin a matsayin haƙƙinsu. Amma fa akwai matsala. Mata kan fita hayyacinsu har a ɗaure su a gado. Mofin kuma yana bi ta mabiyiya ya kai ga jariri, a haife shi likis, numfashi da ƙyar.

6/ Nan ne abin ya ba ni mamaki. Kusan shekara ɗari ana gardama kan zafin uwa, amma babu ma'auni ɗaya da aka yarda da shi na duba halin jariri.

7/ Sai Virginia Apgar, likitar sa barci a jami'ar Kolambiya da ke Niyok. A 1953 ta wallafa ma'auni mai abu 5: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin jiki, martani in an taɓa shi, da launin fata. Kowanne maki 0 zuwa 2, jimilla 10. Da shi aka ga ƙarara cewa sa uwa barci gaba ɗaya yana rage kuzarin jariri.

8/ Wannan na cikin abin da ya karkato likitoci zuwa allurar baya. Uwa na farke, kuma maganin da ke kai wa jariri kaɗan ne. Ita ma tana iya saukar da jinin uwa ko ta jawo ciwon kai, shi ya sa sai da ƙwararre a kusa.

9/ Don haka 'yan uwa, neman sauƙin naƙuda ba ragwanci ba ne. In kun raka mata ko yaya awo, ku tambaya: wane magani ake bayarwa a nan, me yake yi wa jariri? Bayan haihuwa kuma ku tambayi makin Apgar. Allah Ya sauki masu ciki lafiya.